BABI NA HUƊU: WAƘAR FALLE DA ƘASIDAR KASUWA A ƊAKUNAN KARATU

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda rubutacciyar waƙa ta samu gindin zama a tsakanin malamai da almajirai na yankin Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa. A wannan babi kuwa za a mayar da hankali ne ga ita kanta takardar da waƙar ta zo a kai, wato falle ɗaya ko 'yar ƙasida marar bango, irin wadda ake sayarwa a kasuwa ko a ƙofar masallacin Juma'a. Manufar babin ita ce a nuna cewa siffar wannan takarda ta yi tasiri a kan zubi da tsarin waƙar, kuma duk manazarcin da ya tsaya ga bugun littafi kaɗai ya yi asarar wani ɓangare na abin da yake nazari. Haka kuma za a duba abin da ɗakunan karatu suka iya adanawa daga cikin waɗannan takardu, da dalilin da ya sa rabon wannan yanki a cikinsu yake da wuyar ganowa.

4.1 Ma'anar Waƙar Falle

Abin da ake nufi da waƙar falle a wannan bincike shi ne duk wata rubutacciyar waƙa da aka buga ko aka gurza a kan warƙa ɗaya, ko a kan 'yan warƙoƙi kaɗan da ba a yi musu bango mai ƙwari ba, da nufin a sayar da ita da araha ko a raba ta kyauta. Wannan ma'ana ta haɗa da ƙasidun ajami na wa'azi da madahu, da takardun waƙoƙin siyasa na boko, da kuma baitocin da akan sa a jikin kalanda ko a ƙarƙashin hoton wani shehi.

Ba Hausawa kaɗai ne suka san irin wannan bugu ba. A ƙasar Ingila, tun daga ƙarni na 16 har zuwa na 19, an riƙa buga waƙoƙi a fuska ɗaya ta takarda ana tallarsu a kan titi. Wani ma'aikacin gwamnati mai suna Samuel Pepys, wanda ya rasu a 1703, ya tara fiye da 1,800 daga cikinsu, kuma suna nan a ajiye a Kambirij. Ɗakin karatu na Bodleian da ke Oksfod yana da fiye da 30,000. Abin lura game da waɗannan takardu na Turawa shi ne, sau da yawa akan rubuta sunan karin da za a rera waƙar da shi a ƙarƙashin take, daga baya kuma rubutun sautin kiɗa ya zama sana'ar ɗab'i mai zaman kanta. Za a dawo ga wannan batu a sashe na 4.4, domin a nan ne takardar Bahaushe ta sha bamban da tasu.

4.2 Hanyoyin da Waƙa ta Bi ta Shiga Ɗab'i

Kafin zuwan injin ɗab'i, waƙoƙin masu jihadi irin su Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Nana Asma'u sun yaɗu ne ta hanyar kwafa da hannu da kuma hadda. Ɗalibi yakan ari warƙoƙin malaminsa ya juya, ya sa a gafaka. Daga cikin bugun farko-farko na waƙoƙin Hausa akwai wanda C. H. Robinson ya yi a Kambirij a 1896, inda ya kawo hoton rubutun ajamin tare da fassara. Sai dai wannan aiki an yi shi ne domin masu karatu na Turai.

A cikin gida ana iya raba hanyoyin zuwa uku. Ta farko ita ce ta hukuma. An kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, kuma ta riƙa buga waƙoƙi a shafukanta. An kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, sannan hukumar NORLA ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959, a daidai lokacin da ake gangamin Yaƙi da Jahilci. Hukumar ta fitar da ƙananan littattafai masu araha a boko da ajami, da jaridun larduna, ciki har da Sodangi ta Lardin Kano, wanda a lokacin Kazaure da Ɓaɓura suke cikinsa. Ta wannan hanya ta Zariya ne waƙoƙin Sa'adu Zungur da na Mu'azu Haɗeja, waɗanda duka suka rasu a 1958, suka isa ajujuwan makarantu. Kamfanin NNPC, wanda aka kafa a 1966, ya ci gaba da sake buga su.

Hanya ta biyu ita ce ta 'yan kasuwa. Maɗaba'u masu zaman kansu a Kano, irin su Oluseyi da Northern Maktabat, sun riƙa karɓar rubutun da wani magwanin marubuci ya yi da alƙalami da tawada, su ɗauki hotonsa, su buga shi kamar yadda yake. Saboda haka abin da mai saye yake riƙewa a hannunsa bugun inji ne, amma idonsa yana ganin rubutun hannu irin na Magaribi wanda ya saba da shi tun daga allo. Yawanci wani attajiri ko mai sayar da littattafai ne yake ɗaukar nauyin bugun, a rubuta sunansa a farko ko a ƙarshe tare da yi masa addu'a. Bunƙasar ɗariƙar Tijjaniyya a Kano bayan haɗuwar Sarki Abdullahi Bayero da Shehu Ibrahim Inyas a 1937 ta ƙara wa wannan kasuwa ƙarfi, domin malamai irin su Shehu Abubakar Atiƙu Sanka sun yi rubuce-rubuce da dama da aka buga ta wannan hanya. Kasuwar Kurmi ita ce cibiyar sari, daga nan ƙananan 'yan kasuwa suke ɗauka su kai garuruwa. Kasancewar Kazaure a kan hanyar Kano zuwa Daura ya sa yankin yana cikin wuraren da irin wannan haja take saurin isa.

Hanya ta uku ita ce ta siyasa. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano ran 8 ga Agusta, 1950, da kuma mayar da Jam'iyyar Mutanen Arewa ta siyasa a 1951, waƙa ta zama makamin neman jama'a. Mawaƙa irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu sun yi fice a wannan fage, kuma Birniwa (1987) ya yi nazarin waƙoƙin ɓangarorin biyu. Irin waɗannan waƙoƙi ba su jiran kamfanin ɗab'i. Keken rubutu da injin gurza takarda sun wadatar, domin abin da ake bukata shi ne waƙar ta isa dandalin taro kafin ranar zaɓe.

4.3 Tasirin Falle a kan Zubi da Tsarin Waƙa

Masana irin su Hiskett (1975) da Ɗangambo (1981) sun yi bayani a kan mabuɗi da marufin rubutacciyar waƙa. An san cewa mawaƙi yakan buɗe da ambaton Allah da salati ga Annabi (SAW), ya rufe da godiya, sau da yawa kuma ya faɗi sunansa, da garinsu, da adadin baitocinsa, da shekarar da ya kammala. Galibin ɗalibai sukan ambaci wannan a matsayin al'adar da aka gada daga waƙoƙin Larabci, su wuce zuwa ga jigo. Gaskiya ne an gaje ta, amma tambayar da ya kamata a yi ita ce: me ya sa ta daɗe ba ta gushe ba?

Amsar da wannan bincike ya bayar ita ce, marufin waƙa yana yin aikin da bango yake yi wa littafi. Takardar da ba ta da bango, wadda za a kwafa daga hannu zuwa hannu, ko makaho ya haddace ta ya yi bara da ita a wani gari, ba ta da wurin ajiye sunan mai ita in ba cikin baiti ba. Abin da aka rubuta a gefen takarda yana iya yagewa, ko mai kwafa ya ƙi juya shi. Amma abin da aka ɗaure da kari da amsa-amo, cire shi yakan bar giɓin da kunne zai ji. Ke nan idan mawaƙi ya saka sunansa a baitin ƙarshe, ko ya jera haruffan sunan a farkon ɗangogi, rajistar mallaka ce yake yi. Haka nan faɗin adadin baitoci kariya ce daga ragi da ƙari. Wanda ya samu kwafe mai baiti saba'in, alhali marufi ya ce tamanin ne, ya san warƙa ta ɓace ko mai kwafa ya yi tsallake.

Babban misali a nan shi ne ramzi, wato faɗin shekara ta hanyar haruffa masu ɗauke da lamba. Malaman ƙasar Hausa suna bin lissafin Magaribi ne, wanda ya saɓa da na Gabas a wasu haruffa. A lissafin Magaribi shinun tana matsayin 1,000, sinun 300, ainun kuma 70. Idan aka haɗa su za a samu 1370 ta Hijira, wadda ta fara a watan Oktoba na 1950. A lissafin Gabas kuwa shinun 300 ce, sinun 60, ainun 70, jimla 430. Wato ma'aikacin ɗakin karatu da bai san wannan bambanci ba zai iya mayar da waƙar zamanin NEPU baya da shekara 940. Wannan ya nuna cewa karanta marufi ilimi ne da yake bukatar horo.

Abu na biyu da takardar ajami take adanawa shi ne tsawon wasali. Ƙa'idar rubutun boko ba ta bambanta dogon wasali da gajere. Kalmar gari, alal misali, rubutunta ɗaya ne ko ana nufin wurin zama ko ana nufin abin da aka niƙa, alhali a ta farko gaɓar farko marar nauyi ce, a ta biyu kuma mai nauyi. A ajami ana sa alifi a bayan harafin farko idan wasalin dogo ne. Tun da yake karin rubutacciyar waƙa, ko Mutaƙarab ne ko Kamil ko Rajaz, an gina shi ne a kan jeruwar gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi, mai yanka waƙa zai fi samun jagora a takardar ajami.

Abu na uku shi ne karin harshe. Idan za a mayar da waƙa boko domin makarantu, akan yi ƙoƙarin daidaita ta da Daidaitacciyar Hausa. Mawaƙin da ya rubuta mai ko mas domin ya cika ƙafa da gaɓa ɗaya, edita yana iya gyara masa zuwa masa, sai ɗango ya ƙaru da gaɓa, kari ya karye. Daga nan ɗalibi ya zo ya rubuta cewa mawaƙin yana da illar kari, alhali laifin na mai gyara ne. Wannan ya fi shafar yanki irin na Kazaure, wanda yake tsakanin Kano da Daura da Katsina, inda Hausar jama'a take ɗauke da ɓurɓushin kowane ɓangare.

Duk da haka bai kamata a ɗauki takardar kasuwa a matsayin marar aibu ba. Ajami ba shi da ƙa'ida guda da kowa yake bi. Rufu'a takan tsaya a madadin wasalin u da na o, kuma marubuta sun sha bamban wajen rubuta sautuka irin su ts da ɓ da c. Mai kwafa yana iya yin kuskure, injin kuma ya yaɗa kuskuren a ɗaruruwan kwafe. Sannan da yawa daga ƙasidun kasuwa ba su ɗauke da shekarar bugu. Don haka hanyar da ta fi dacewa ita ce a ajiye falle da littafi gefe da gefe a gwada su.

4.4 Abin da Takarda ba ta Ɗauka: Rauji

An ambata a baya cewa takardun Ingila sukan faɗi karin rerawa, wasu ma har da rubutun sauti. Rubutacciyar waƙar Hausa kuwa an yi ta ne domin a rera, amma raujinta ba ya cikin takarda. Ana koyonsa ne daga baki, a makarantar zaure, ko wurin Mauludi, ko daga bakin mabarata, daga baya kuma ta rediyo da kaset.

Waƙar Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya ta isa misali. Mawaƙin makaho ne, wato shi kansa da baki ya tsara ta wasu suka rubuta. An buga ta a ajami da boko, amma abin da ya kai ta lunguna shi ne muryar masu rera ta a kasuwanni da ƙofofin gidaje. Masana sun danganta karinta da na kiɗan Caji, wanda ya yi tashe a zamaninsa. Wanda ya san wannan zai fahimci dabarar mawaƙin, ta ɗaukar karin da jama'a suke shagala da shi a zuba masa wa'azi. Wanda ya ga baƙaƙen kawai a ɗakin karatu ba zai ji wannan ba. Muhammad (1979) ya tattauna irin wannan cuɗanya tsakanin waƙar baka da rubutacciya, kuma Hayes da Schuh (2019) sun nuna cewa yadda ake rera karin Rajaz a Hausa bai zama lallai ya yi daidai da yadda aka auna shi a rubuce ba.

Abin da wannan yake nufi shi ne, waƙar falle rabi biyu ce. Rabi yana takarda, rabi yana bakin mutane. Ɗakin karatu yana iya riƙe rabin farko shekaru aru-aru, amma rabi na biyu yana tafiya ne tare da tsofaffin da suka san shi.

4.5 Waƙar Falle a Ɗakunan Karatu

Daga cikin wuraren da mai bincike zai nufa a Nijeriya akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa wanda aka kafa a 1970, da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. A waje kuwa, ɗakin karatu na Herskovits a Jami'ar Northwestern ta Amurka yana riƙe da takardun Alhaji Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano wanda ya rasu a 1962, su fiye da 3,000. A nan ne kuma ake ajiye da kimanin 600 da John Paden ya tara a Kano a shekarun 1960, ciki har da bugun kasuwa. Darasin da ke cikin wannan shi ne, abin da aka saya da 'yan kwabbai a Kurmi ya zama abin da masana suke ƙetare teku domin su gani, saboda kawai wani ya ga dacewar ya adana shi.

Akwai dalilai uku da suka sa gano rabon yankin Kazaure a cikin waɗannan tarin yake da wuya. Na farko, katin rajista yana rubuta wurin bugu ne, wato Kano ko Zariya. Idan malamin Roni ko na Gwiwa ya kai waƙarsa maɗaba'a a Kano, za a lissafa ta cikin na Kano, sai fa in an karanta marufinta. Na biyu, Jihar Jigawa an ƙirƙiro ta ne ran 27 ga Agusta, 1991. Duk da cewa masarautar Kazaure tana cin gashin kanta tun zamanin Ɗantunku da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, Turawa sun sa ta cikin Lardin Kano, kuma takardunta na wancan zamani a Kaduna suna ƙarƙashin sunan lardin ne. Ɓaɓura kuwa tana cikin masarautar Kano ne kafin a kafa ta Ringim. Saboda haka mai neman tsofaffin takardu da sunan Jigawa zai dawo hannu rabbana. Na uku, dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya ajiye kwafe uku, amma wanda ya gurza waƙa domin taron siyasa ko na Mauludi ba ya ɗaukar kansa a matsayin kamfanin ɗab'i, balle ya aika da kwafe.

Sakamakon haka shi ne, tarihin rubutacciyar waƙa ta ƙarni na 20, kamar yadda ake koyar da shi, ya karkata ga mawaƙan da Zariya ta buga. Ba a musun cancantarsu, amma zaɓin da editoci suka yi domin makarantu ya zama kamar shi ne iyakar abin da aka rubuta.

Sauran takardun suna hannun jama'a, a gafaka da akwatunan malamai, kuma abokan gabarsu sanannu ne: gara, da ɓera, da yoyon ɗaki, da gobara. Takardar da aka yi bugun kasuwa da ita mai araha ce, takan yi ja ta riƙa karyewa bayan 'yan shekaru. Rabon gado yakan raba warƙoƙin waƙa ɗaya gida biyu. Har girmamawa ma takan zama sanadin asara, domin takardar ajami da ta tsufa akan ƙone ta ko a binne don kada a taka sunan Allah. Ta boko kuwa, tun da ba a ganin ta da wannan alfarma, takan ƙare a hannun mai ƙosai.

4.6 Abin da ya Kamata a Yi

Bisa ga abin da ya gabata, ana ganin aikin tattarawa a wannan yanki ya kamata ya bi matakai kamar haka. Da farko a ɗauki hoton takarda gaba da baya a gidan mai ita, a bar masa abinsa, kamar yadda shirin ceto takardu na Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda aka fara a 2004, yake yi. Wannan zai kawar da tsoron da malamai suke yi na ba da aron da ba ya dawowa. Na biyu, katin rajista ya ƙunshi garin mawaƙi, da garin da aka samu takardar, da sunan marubucin da ya kwafa, da na wanda ya ɗauki nauyin bugu, da ramzi tare da warwararsa. Na uku, a naɗi muryar wanda ya iya rera waƙar a lokaci guda, a ba ta lamba ɗaya da takardar. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure da majalisun masarautun Kazaure da Ringim suna da matsayin da za su iya jagorantar irin wannan aiki.

4.7 Kammalawa

A wannan babi an yi ƙoƙarin bayyana ma'anar waƙar falle da hanyoyi uku da ta bi ta shiga ɗab'i, wato ta hukuma da ta kasuwa da ta siyasa. An nuna cewa ambaton suna da gari da adadin baitoci da ramzi a marufi dabara ce ta kare waƙar da ba ta da bango, kuma takardar ajami tana adana tsawon wasali da karin harshe waɗanda bugun boko yakan shafe. An kuma nuna cewa rauji ba ya shiga takarda, sannan tsarin rajista da tarihin mulki sun sa waƙoƙin Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa suna iya ɓuya a ƙarƙashin sunan Kano. A babi na gaba, wanda shi ne na ƙarshe, za a kawo taƙaitawar binciken baki ɗaya tare da shawarwari.